Haƙƙin Ɗalibi Ne Ya Tarar da Kwamfutarsa a Shirye

Kwanakin baya na ji wani mai koyar da rubuta manhaja yana faɗa da bakinsa cewa ba ya shirya wa ɗalibansa komai kafin a fara kwas, domin a ganinsa duk wanda ya kasa ɗora kayan aikinsa a kwamfuta da hannunsa bai isa a kira shi mai rubuta manhaja ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda waɗanda ke wurin suka riƙa gyaɗa kai, kamar an faɗi maganar da babu ja a cikinta.

Ni kam ina da ja. Duk makaranta ko cibiyar horo da ta tara mutane da alkawarin za ta koya musu rubuta manhaja, wajibinta ne ta shirya kowace kwamfutar aji kafin ɗalibi ya zauna a gabanta. Hanyar da ta fi dacewa a mafi yawan lokuta ita ce a gina kwamfutar kwaikwayo guda ɗaya, a zuba mata duk abin da darasi ke buƙata, a gwada ta sosai, sannan a raba kwafinta a kan dukkan kwamfutocin ajin. Wannan aikin malami ne da hukumar makaranta, kuma jibga shi a kan ɗalibi tun ranar farko rashin adalci ne, ko da an laƙaba masa sunan horo.

Ga wanda bai saba da ita ba, kwamfutar kwaikwayo, wadda masu sana'ar ke taƙaita sunanta da VM, cikakkiyar kwamfuta ce da ke gudana a cikin taga a kan kwamfuta ta gaske. Tana da babbar manhajarta, da faifan ajiyarta, da rabonta na ƙwaƙwalwa, amma a wajen uwar kwamfutar da ke ɗauke da ita, 'yan fayiloli ne kawai waɗanda za a iya kwafewa, a goge, a sake mayarwa. Dabarar ta daɗe, domin kamfanin IBM ya fara ta a manyan na'urorinsa tun shekarun 1960. VMware ya kawo ta kan kwamfutar tebur a 1999, Intel da AMD suka gina tallafinta a cikin firosesa a 2005 da 2006, sannan a 2007 aka saki VirtualBox, manhajar gudanar da kwamfutar kwaikwayo, kyauta ga kowa. Don haka babu wanda zai ce kayan aikin ne suka yi wuyar samu.

Yadda safiyar farko ke tafiya idan ba a shirya ba

A ɗauki aji mai kwamfutoci talatin, an zo koyon Python, wani yaren rubuta manhaja. Malami ya ce kowa ya sauke manhajar ya ɗora. Mutum talatin suka afka wa layin intanet guda a lokaci ɗaya, abin da ya kamata ya sauka cikin minti biyu ya koma jan ƙafa. Waɗanda suka samu ya sauka suka yi ta danna maɓallin ci gaba ba tare da sun lura da wani ɗan akwati a ƙasan tagar farko ba, wanda idan ba a sa masa alama ba, Windows ba zai san inda aka ajiye Python ba. Sai ɗalibi ya buɗe tagar umarni, ya rubuta sunan manhajar kamar yadda malami ya rubuta a allo, maimakon ta amsa, sai shagon manhajoji na Microsoft ya buɗe a gabansa.

A layi na biyu kuma wata kwamfutar tana ɗauke da tsohon zubi da wani aji ya bari, wataƙila ma Python 2, wanda masu shi suka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, kuma umarnin da malami ke koyarwa ba zai yi aiki iri ɗaya a kansa ba. Wata kwamfutar ta ƙi yarda a ɗora komai sai an kawo kalmar sirrin mai kula da na'urori, shi kuwa ba ya nan. Wata kuma ta zaɓi wannan safiyar ta fara sabunta kanta.

Malami yana zagayawa daga tebur zuwa tebur a sunkuye, hannaye biyar a sama suna jiransa. Masu ɗan sani sun gama sun shiga wayoyinsu. Kafin a ankara an tashi, ba a rubuta layi ɗaya ba.

Asarar lokaci ma da sauƙi. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ɗalibar da ke zaune can baya, wadda ba ta ɗaga hannu ba saboda kunya. Ta bi umarni ɗaya bayan ɗaya yadda aka faɗa, ta ga na kusa da ita ya samu sakamako, ita kuwa jan rubutu ya cika mata allo. Ba ta da ilimin da za ta gane cewa laifin na kwamfutar ne, saboda haka hukuncin da za ta yanke shi ne kanta ne ba ya ja. Sabon shiga ba ya iya bambanta kuskurensa da kuskuren na'ura, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa dole a kawar masa da kuskuren na'ura daga hanya a makonnin farko. Idan kwamfutoci talatin iri ɗaya ne sak, duk saƙon kuskuren da ya fito daga abin da ɗalibi ya rubuta ya fito, kuma irin wannan kuskuren ne ake koyo da shi.

Masu cewa ai dole ɗalibi ya iya ɗora kayan aikinsa

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Mai rubuta manhajar da bai iya shirya wurin aikinsa ba, bai kammala koyo ba. Ranar da ya kama aiki aka miƙa masa sabuwar kwamfuta, babu malamin da zai zo ya sunkuya a kansa.

Inda muka rabu da masu wannan ra'ayi shi ne a kan lokaci. Tela ba ya miƙa wa sabon yaronsa keken ɗinki a wargaje ya ce sai ya haɗa shi sannan zai koyi ɗinki. Yana zaunar da shi a kan keke mai aiki har hannunsa ya faɗa, sai ranar da zare ya sarƙe ya nuna masa yadda ake buɗe ciki, kuma a lokacin yaron ya riga ya san yadda lafiyayyen keke yake tafiya, don haka ya san abin da yake nema. Ɗalibin da ya yi makonni yana rubuta manhaja a wuri mai aiki, idan aka ce masa yau zai gina irin wannan wurin da kansa, ya san amfanin kowane abu da yake ɗorawa, kuma ya san yadda zai gane ya yi daidai. Wanda aka ba wannan aikin a ranar farko kuwa kwafar umarni kawai yake yi daga allo, bai san ma'anar ko ɗaya ba, kuma ko ya yi nasara bai koyi komai ba.

Bugu da ƙari, babu wurin da ya fi kwamfutar kwaikwayo dacewa da koyar da wannan fannin kansa. Tana da wata dama da kwamfuta ta gaske ba ta da ita, wato ɗaukar hoton halin da take ciki. Ana ɗaukar hoton tana lafiya, ɗalibi ya yi duk abin da zai yi, idan ta lalace a mayar da ita yadda take cikin daƙiƙoƙi. A tsakiyar kwas malami na iya raba wa kowa wata kwamfutar kwaikwayo wadda babu komai a cikinta sai babbar manhaja, ya ce kowa ya ɗora Git, manhajar adana tarihin aikin da aka rubuta, da rumbun bayanai da sauran kayan aiki da hannunsa. Yana iya ba su cikakken ikon mai gudanarwa, abin da babu mai hankalin da zai ba sababbin ɗalibai a kan kwamfutocin makaranta na gaske. Yana iya ma lalata wani abu da gangan ya ce su gano shi. Ɗalibin da ya san cewa kuskurensa ba zai jawo a kira shi ofis ba yana da ƙarfin halin gwaji, kuma wanda bai taɓa goge abin da bai kamata ba ya ga sakamakon da idonsa, da wuya ya san nauyin umarnin da yake bugawa.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Mafi yawan uwar garken da ke ɗauke da shafukan intanet Linux suke amfani da shi, alhali mafi yawan kwamfutocin aji Windows ne a kansu. Bambancin yana cizo a ƙananan wurare. A Windows, fayil mai suna da babban harafi da mai ƙaramin harafi ɗaya ne, a Linux kuwa fayiloli biyu ne daban, shi ya sa ɗalibi zai gina shafi hotuna na fitowa a kwamfutarsa, ya ɗora shi a uwar garke su ɓace. Hatta alamar ƙarshen layi a cikin fayil ba iri ɗaya ba ce a tsarin biyu, kuma wannan kaɗai na iya hana ɗan gajeren umarni tashi. Kwamfutar kwaikwayo mai Ubuntu ko Debian, waɗanda nau'o'in Linux ne, tana sa ɗalibi ya saba da inda aikinsa zai zauna a ƙarshe, ba tare da an taɓa Windows ɗin da sauran azuzuwa ke amfani da shi ba.

Masu cewa tana da nauyi

Wannan ƙorafin ba na raina shi, domin na ga inda ya tabbata. Kwamfutar kwaikwayo tana cin rabonta daga ƙwaƙwalwar uwar kwamfuta, wato RAM. Idan kwamfutar aji gigabait 8 gare ta, aka ba baƙuwar, wato kwamfutar kwaikwayo, 4, za a iya aiki. Idan kuwa 4 ne gaba ɗaya, Windows ya ci kasonsa, abin da ya rage ba zai ɗauki burauza da manhajar rubutu a lokaci guda ba, kuma ɗalibi zai buga harafi ya zauna jiran ya bayyana. Haka nan tsohon faifai mai juyawa yana wahala ƙwarai idan manyan manhajoji biyu suna neman sa a tare, abin da faifan SSD ke ɗauka ba tare da gajiya ba.

Sai dai yawancin jan ƙafar da ake ɗora wa kwamfutar kwaikwayo daga rashin shiri yake zuwa. Kwamfutoci da dama suna zuwa da tallafin firosesa, wato VT-x a Intel ko AMD-V a AMD, a kashe cikin saitin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi, kuma sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kunna. A wasu kuma Hyper-V, manhajar kwamfutar kwaikwayo ta Microsoft, ya riga ya riƙe wannan tallafin, sai VirtualBox ya koma bi ta bayansa, ya nuna ɗan hoton kunkuru a ƙasan taga, alamar cewa tafiyar za ta yi nauyi. Wanda ya duba wannan mako guda kafin a buɗe aji zai gyara shi cikin natsuwa, amma wanda ya gano shi ɗalibai na zaune zai ce dabarar ce ba ta da kyau.

Sannan ba dole ba ne a cika baƙuwar da ado. Akwai fuskokin Linux marasa nauyi irin su Xfce, kuma a wasu darussan ma ba a buƙatar fuska ko kaɗan, domin ana iya barin kwamfutar kwaikwayo tana gudana a ɓoye, ɗalibi ya yi rubutunsa a manhajar da ke kan uwar kwamfuta, ya shiga baƙuwar ta hanyar SSH, wato hanyar ba wata kwamfuta umarni ta layin sadarwa.

Idan an yi duk wannan kwamfutocin suka kasa, to a haƙura da kwamfutar kwaikwayo, a ɗora Linux kai tsaye a kan guda ɗaya, a kwafi faifanta zuwa sauran da manhaja irin Clonezilla. Abin da nake karewa shi ne ɗalibi ya tarar da wurin aiki a shirye kuma iri ɗaya da na kowa. Haka kuma akwai darussan da dabarar ba ta dace da su ba tun asali. Mai koyon manhajar wayar Android yana buƙatar wayar kwaikwayo, wadda ita ma wannan tallafin firosesar take nema, kuma cusa ta a cikin wata kwamfutar kwaikwayon wahala ce. Mai koyon manhajar iPhone kuwa sai da kwamfutar Apple, domin lasisin macOS bai yarda a gudanar da shi a kan wata na'ura ba.

Masu cewa zamani ya wuce nan

Wasu za su ce tun da manhajar Docker ta fito a 2013, kwantena, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata don ta gudana a keɓe, ta maye gurbin kwamfutar kwaikwayo, tunda ta fi sauƙi kuma ta fi saurin tashi. A wajen ƙwararru haka ne a ayyuka da yawa. Amma kwantena tana aron zuciyar babbar manhajar da take zaune a kai, shi ya sa idan aka ɗora Docker a Windows ko macOS don gudanar da kwantenar Linux, wata ƙaramar kwamfutar kwaikwayo ce ke aiki a ƙarƙashi, ko mai amfani ya sani ko bai sani ba. Haka WSL 2 na Microsoft, mai gudanar da Linux a cikin Windows, yake. Saboda haka duk matsalar BIOS da aka gudu tana nan tana jira. Ban da wannan, kwantena ra'ayi ne da sai an fahimce shi, ga maganar tashoshin sadarwa, ga maganar inda fayil yake zaune da abin da ke ɓacewa idan an rufe ta. Wanda bai san mene ne folda a tagar umarni ba, an ƙara masa wani hawa na ruɗani. Kwamfutar kwaikwayo kuwa ko yaro ya gane ta, domin kwamfuta ce a cikin taga. Ni a ganina a ɗora Docker a cikin baƙuwar, a koyar da shi idan lokacinsa ya yi.

Wasu kuma za su ce a koma gajimare, kowa ya buɗe burauza ya yi aiki a kan wata na'ura mai nisa, kamar yadda GitHub Codespaces ke bayarwa. Inda intanet ke da ƙarfi kuma ba ya yankewa, wannan hanya ce mai kyau, har ta fi ga masu raunin kwamfutoci. Amma duk ajin ya rataya ne a kan layi ɗaya, idan ya yanke darasi ya tsaya cak, kuma ana biyan kuɗi gwargwadon awannin da aka yi da zarar an wuce ɗan abin da ake bayarwa kyauta. Kwamfutar kwaikwayon da aka zuba wa komai tun farko tana aiki ko an cire wayar sadarwa.

Batun ɗaliban da ke zuwa da kwamfutocinsu ma yana goyon bayan shiri ne. A nan bambanci ya fi yawa, domin kowa da irin tasa, kuma fayil ɗaya na OVA, wato kwamfutar kwaikwayo a dunƙule cikin fayil guda, da kowa zai shigar shi ne abin da zai daidaita su. Sai dai a lura cewa tun 2020 Apple ya koma firosesa irin ta ARM, kuma kwafin da aka gina don Intel ko AMD ba zai gudu a kanta yadda ya kamata ba. Malamin da ya tambayi ɗalibansa irin kwamfutocinsu kafin ranar farko zai san ko yana buƙatar kwafi na biyu.

Shirin da ake magana ba na dare ɗaya ba ne

A nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan ɓangarena. Akwai masu yarda da duk abin da na faɗa, amma sai daren jajibirin buɗe aji su zauna su harhaɗa kwamfutar kwaikwayo a gurguje, su ɗora wannan su ɗora wancan, ba su rubuta abin da suka yi ba. Bayan wata shida babu wanda ya san abin da ke cikinta, har shi wanda ya gina ta. Ya kamata a gina ta da rubutaccen umarni, ko da Vagrant, wanda Mitchell Hashimoto ya fara a 2010 don irin wannan buƙata, ko da Ansible, ko ma da fayil ɗaya mai jerin umarni, yadda duk wanda ya gaji aikin zai iya sake gina ta daga tushe. Wannan fayil ɗin kansa abin koyarwa ne a ƙarshen kwas.

Rabawa ma lissafi take so. Kwafi mai gigabait 20 a kan kwamfutoci 30 ya zama gigabait 600. Idan layin cikin ajin mai megabit 100 ne, kwafi ɗaya zai ci kusan rabin awa, kuma idan duka daga na'ura ɗaya suke ja, ana maganar awa goma sha huɗu ko fiye. A layin gigabit abin zai sauko zuwa kamar awa ɗaya da rabi. Wanda ya yi wannan lissafin zai san ko ya bar shi ya kwana yana tafiya, ko ya nemi filasha da yawa, ko ya rage girman kwafin. Wanda bai yi ba zai maimaita safiyar farkon nan da muka gani, sai dai wannan karon da babban fayil.

Sai kuma abin da kwafi ke ɗaukowa wanda bai kamata ba. Duk kwafin da aka yi yana zuwa da shaidar asalinsa, wato lambar katin sadarwa, da lambar da Linux ke gane kansa da ita, da makullan SSH. Idan kwamfutocin kwaikwayon suna ɓoye a bayan uwayensu, ba a cika jin wannan ba. Amma ranar da aka fito da su kan layin aji domin su yi magana da juna, sai a tarar talatin suna amsa suna ɗaya, adireshi yana karo da adireshi, sadarwa na zuwa tana ɗaukewa ba tare da dalilin da ake gani ba. Mafi muni shi ne malamin da ya shiga asusunsa na GitHub, shafin ajiye rubutun manhaja, ko na imel a cikin kwafin asali don gwaji, ya manta bai fita ba, ya raba wa mutum talatin makullin gidansa. Kafin a rufe kwafin asali dole a share tarihin burauza da na tagar umarni da duk wata kalmar sirri.

Dole kuma a yanke shawara a kan inda aikin ɗalibi zai zauna, domin damar mayar da kwamfuta baya tana da kaifi biyu. Idan aka mayar da ita halin da take ciki a ranar farko, duk abin da ɗalibi ya rubuta a cikinta ya tafi. Na fi son a koya wa ɗalibai Git tun makon farko, su riƙa tura aikinsu waje a ƙarshen kowane darasi, ko aƙalla a haɗa musu folda da ke zaune a kan uwar kwamfuta. A gaya musu wannan a fili, a maimaita, kafin wani ya yi asarar aikin mako uku. Sabuntawa ta kai tsaye kuma a tsayar da ita a lokacin darasi, domin Ubuntu na iya riƙe ma'ajiyar manhajoji yana sabunta kansa daidai lokacin da malami ya ce kowa ya ɗora wani abu, kuma bayan 'yan makonni kwamfutocin da suka fara iri ɗaya sun soma bambanta.

Gwaji shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Wanda ya gina kwafin bai dace ya zama mai gwada shi ba, saboda hannunsa ya san hanyoyin kauce wa ramukan da ya bari. A nemo wani wanda bai san komai a kai ba, a zaunar da shi a gaban kwamfutar da ta fi kowace rauni a ajin, da asusun ɗalibi maras iko, a ba shi takardar darasin farko, a tsaya a bayansa a yi shiru. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, nan ɗalibai talatin za su tsaya. Sau da yawa abin da ke fitowa ƙarami ne, kamar tsarin allon rubutu da bai dace ba har alamomin da ake buƙata a rubutun manhaja suna fitowa a wani maɓalli, ko agogon baƙuwar da ya kauce har shafuka masu tsaro suka ƙi buɗewa, ko taga da ta ƙi cika fuskar kwamfuta saboda ba a ɗora ƙarin manhajar baƙuwa ba.

Lasisi ma a duba shi. VirtualBox kyauta ne, amma ƙarin kunshinsa da Oracle ke bayarwa yana da nasa sharuɗɗan daban waɗanda ya kamata cibiya ta karanta. VMware Workstation Pro ya zama kyauta ga kowa a ƙarshen 2024, bayan Broadcom ya sayi kamfanin. Windows kuwa idan shi za a sa a cikin baƙuwar, kowane kwafi yana buƙatar lasisinsa, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa Linux ya fi sauƙin rabawa a aji.

Wa zai ɗauki nauyin?

Duk abin da na lissafa aiki ne na kwanaki, kuma ina zargin cewa wannan ne ainihin abin da ke bayan maganar a bar ɗalibi ya sha wahala don ya koya. Cibiyoyi da yawa suna lissafa wa malami awannin da ya tsaya a gaban aji ne kawai, shirin da ya yi kafin nan ba ya cikin lissafi. Malamin da ba a ba shi lokaci ba, ba a ba shi makullin ɗakin kwamfuta sai safiyar buɗe aji, ba a ba shi kalmar sirrin BIOS ba, ba zai iya yin abin da nake nema ba ko yana so. Don haka kirana ya fi karkata ga masu gudanarwa. Su sa shirin ɗakin kwamfuta a cikin jadawalin kwas a matsayin aiki mai lokacinsa da ladansa, su haɗa malami da mai kula da na'urori tun da wuri, domin ɗaya ya san abin da darasi ke buƙata, ɗayan kuma shi ke riƙe da ikon kwamfutocin.

Kuma aikin ba ya ƙarewa da zango ɗaya. Kwafin da aka gina bana zai tsufa, kayan aikin da ke cikinsa za su sami sababbin zubi, ramukan tsaro za su bayyana. Ubuntu na fitar da zubi mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, yana kula da shi shekara biyar, don haka wanda ya gina a kan 24.04 yana da tallafi har 2029, amma wannan bai ɗauke masa sake gina kwafin a farkon kowane zango ba, da sake bin darussan ɗaya bayan ɗaya don tabbatar da cewa har yanzu suna aiki a kansa. Ya kamata cibiya ta san sunan mutumin da wannan aikin ke wuyansa, ta kuma ajiye rubutaccen umarnin ginawa a inda wanda zai gaje shi zai same shi.